Gudun Daji Cikin Hunturu

Tun da na shigo wannan Kwaleji abokai sun sha tambayata dalilin da ya sa na ke fita gudu da asuba cikin ɗari, sa'ad da kowa ya ke ƙudundune cikin bargo. Waɗansu har sun laƙaba mini suna, wai Barewa. To, 'yan'uwa, tun da Edita ya ba ni fili, bari in ba ku amsa gaba ɗaya, in kuma gaya muku yadda wannan barewa ta taɓa shan kunya.

Ni mutumin Limawa ne, cikin Jimeta. Wanda ya san ƙasarmu ya san zafinta. A watan Maris da Afril ma'aunin zafi ya kan wuce 40, ba mai hankalin da zai ɗauki gudu mai nisa. Da damina kuwa Binuwai ya kan cika ya shafe fadama. Saboda haka ba mu da lokaci sai hunturu, watau daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Turawan Ingila ma, waɗanda suka daɗe suna tseren ƙetare daji a makarantunsu, cikin sanyi su ke yinsa. Amma su da taɓo da ƙanƙara su ke fama, mu kuwa da yashi da hazo da ƙaya.

Mu wajen talatin ne, da teloli, da masu faci, da 'yan makaranta. Ba mai biyanmu, sha'awa ce kurum. Kowace shekara cikin Janairu mu kan shirya tsere guda. A kan tashi daga Limawa a gangara bakin kogi, a bi turbar masunta da burtalin shanu har gonakin rani na Tafkin Geriyo, sa'an nan a komo ta Jambutu. Tafiyar ta yi kamar mil 10, watau kilomita 16. Kyautar na ɗaya ba ta wuce bokiti da sandar sabulu ba, amma in kun ga yadda a ke nemanta sai ku ce doki ne da sirdinsa.

Wanda zan ba ku labarinsa shi ne na shekarar 1 ga fitata sakandare, watau Janairu 2023. Lokacin nan kaina ya kumbura, don ba wanda ya taɓa wuce ni a gudun mil guda a makarantarmu. Ga shi kuma na karanta labarin Abebe Bikila, sojan nan na Habasha da ya ci tseren mil 26 da yadi 385 a birnin Rum cikin 1960, ƙafarsa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Sai na ce a raina, mil 10 me ce ce?

A cikinmu akwai wani dattijo mai gyaran keke, ya ba hamsin baya. Muna tsaye muna jiran a busa usur, haƙora suna kaɗawa, sai na ce masa, "Baba, in na iso zan sa a ajiye maka kunu." Jama'a suka yi dariya. Shi kuwa ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, ɗana. Amma ka sha ruwa kafin mu tashi. Iskar nan ɓarauniya ce." Na ce wa zai sha ruwa cikin wannan sanyi?

Aka busa, na cilla. Kafin mu kai bakin kogi na ba kowa rata. Hazo ya rufe ko'ina, har dutsen Bagale da mu kan hanga a ƙetare ya ɓace sarai. Na wuce masunta suna jin wuta, na wuce garken shanu, raina fari tas.

Ashe akwai abu biyu da ban sani ba. Na fari, ambaliyar 2022 ta sāke hanyar. Inda dā ƙasa ce mai tauri, kogi ya zuba yashi mai zurfi, wanda in ka taka sai ya cinye rabin ƙarfinka. Na biyu shi ne abin da dattijon nan ya faɗa. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai tsaya a fata ba, sai mutum ya yi tsammani ba ya zufa, alhali kuwa ruwan jikinsa yana ta tafiya.

Da na kai wajen mil na shida, kusa da gonakin shinkafa, maƙogwarona ya bushe kamar an zuba toka. Wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari. Na ratse don in rage hanya, sai na faɗa cikin ƙarangiya. Ina sunkuyawa in cire, jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure tam, na zube. Waɗanda na bari a baya suka yi ta wucewa ɗaya-ɗaya. Kai, ban taɓa jin kaina ƙanƙane kamar ran nan ba. Lalle ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ina nan sai ga dattijon ya ɓullo, yana tafe da ɗan gudunsa na kullum, numfashinsa daidai. Mutum shida kaɗai ke gabansa. Na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Sai na ji ya tsaya. Ya kama ƙafar ya miƙe ta, ya tanƙwasa yatsun sama har jijiyar ta saki. Ya roƙi ruwa wurin wani manomi ya ba ni, ya ce in kurɓa kaɗan-kaɗan. Sa'an nan ya ce, "Tashi. Ka sa ƙafarka inda na sa tawa. In ka ga ba ka iya yi mini magana, to, gudun ya yi yawa." Duk sa'ad da na so in ƙara mai sai ya ce mini da Fulatanci, "Sese, sese," watau sannu-sannu.

Haka muka shigo Limawa, shi na 23, ni na 24, yara suna binmu suna ihu. Da na sami numfashi na ce, "Baba, don me ka tsaya, ga shi kana kusa da na gaba?" Ya ce, "Bokiti ina da shi a gida. In na bar ka kwance a fadama, me zan gaya wa mahaifinka in mun gamu a masallaci?" Kunun da na ce za a ajiye masa kuwa, shi ya saya mini.

Ban gane nauyin abin nan sosai ba sai bara, da aka tura mu koyon aikin koyarwa. Aka ba ni aji uku na firamare. Na kama gudu da darasi, ni da yara biyar masu kaifin kai, ina murna za mu gama littafi kafin kowa. Ran nan na waiwaya, na tarar da wani yaro a benci na ƙarshe bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ya kuwa sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na san wannan sunkuyawa, don na taɓa yinta. Daga ranar na rage gudu, na riƙa zama da shi minti 15 bayan an tashi. Ba mu gama littafin ba, aka kuwa yi mini faɗa a kan haka. Amma kafin in bar makarantar ya karanta mini shafi guda da kansa.

To, wannan ita ce amsata. Wanda ya ke so ya gwada, ya same ni a bakin ƙofar Kwaleji ran Asabar bayan sallar asuba. Ya sha ruwa kafin ya fito, ya shafa man kaɗanya a leɓe da diddige saboda faso, ya fara da mil 2 tukuna. In ya gaji zan jira shi. Allah ya ba mu lafiya da juriya, amin.