Wadil Kabir: Kogin Da Ya Kamata Matafiyi Musulmi Ya Bi A Turai

Turawa suna da wata al'ada ta yawon buɗe ido, inda mutum zai shiga jirgin ruwa ya bi kogi sannu a hankali, ana tsayawa gari-gari ana kallon gine-ginen mutanen da. Cikin 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu masu zuwa Turai ba a rasa masu sha'awar wannan. To, in har za a kashe dukiya a kan irin wannan tafiya, muna ganin babu kogin da ya fi cancanta Musulmi ya bi kamar wanda ya ratsa kudancin ƙasar Sifen, wato Andalus ɗin nan ta cikin littattafanmu. Mutanen ƙasar suna kiransa Gwadalkibir, amma sunan Larabci ne harshensu ya karya: Wadil Kabir, wato Babban Kogi. Tsawonsa kilomita 657 ne.

Daga birnin Sabiya ake farawa, wanda malamanmu suka sani da Ishbiliya. Tsakaninsa da teku kamar kilomita 80 ne, kuma har yau jiragen kaya suna shigowa tasharsa ta wannan kogi. Jiragen shawagi suna tashi ne daga gindin wata hasumiya mai kusurwa 12, wadda ake kira Hasumiyar Zinariya. Muwahhiduna ne suka gina ta wajen shekarar 1220 don tsaron mashigar gari. Da jirgi ya ɗan matsa gaba sai a iske gadar unguwar Tiriyana. A daidai nan ne Halifa Abu Yakubu Yusufu ya sa aka jera jirage aka ɗaure su da sarƙa suka zama gada a shekarar 1171. A 1248 jiragen yaƙin Sarki Fadinan na Uku suka fasa wannan gada, suka raba gari da hanyar abincinsa, kuma kafin shekarar ta fita Ishbiliya ta sallama.

Daga cikin jirgin muna hango wata doguwar hasumiya da ta zarce rufin gidaje, ana ce mata Hiralda. Hasumiyar kiran salla ce ta babban masallacin Jumma'a, an soma ta a 1184, an gama a 1198. An rushe masallacin an gina majami'a a gurbinsa, ita kuwa hasumiyar aka ƙara mata tsawo aka rataya ƙararrawa a kanta. Farfajiyar da ake alwala tana nan, cike da itatuwan lemo.

Manyan jirage ba sa wuce Ishbiliya, saboda haka wanda ke son ganin Ƙurɗuba sai ya hau jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. A can ma kogin ne zai tarbe shi, da tsohuwar gada tun ta zamanin Rumawa, da wani babban gargare na ɗebo ruwa da aka sake ginawa bisa siffarsa ta da. Larabawa suna kiran irinsa na'ura, kuma daga nan muka sami kalmar da muke kiran injuna da ita a Hausa. Kusa da gadar ne babban masallacin yake, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya soma wajen 785, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara 200. Ginshiƙansa da suka rage sun kai kamar 850, kuma mihrabin da Halifa Hakam na Biyu ya ƙawata yana nan da ayoyinsa. Tun 1236 ginin yake hannun Kirista, kuma a 1523 suka soma gina majami'a a tsakiyarsa. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Shawararmu ga mai ziyara ita ce kada ya ja da masu gadi. Ya sallaci lokacinsa a masauki, ya shiga da ladabi irin na baƙo.

Dole mai hankali ya tambayi kansa, yaya aka yi wannan mulki ya kuɓuce? Abdurrahman na Uku ya ɗauki sunan Halifa a 929, Ƙurɗuba ta zama cikin manyan biranen duniya. Amma a 1031 halifancin ya rushe, ƙasa ta rarrabu hannun ƙananan sarakuna fiye da 20, kowa yana ganin ba wanda ya isa sai shi. Har ta kai wani yakan biya sarkin Kirista haraji don ya taimake shi a kan ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ɗulaiɗila ta faɗi a 1085. Murabiɗuna suka ƙetaro daga Magrib ƙarƙashin Yusufu ɗan Tashfin suka ci nasara a Zallaƙa a 1086, bayansu Muwahhiduna suka karɓa, amma duk jinkiri ne aka samu. Garnaɗa, wadda ta rage ta ƙarshe, ta faɗi a 1492.

Duk da haka, akwai abin da maƙiyi bai iya ƙwacewa ba, kuma yana cikin zaurukanmu. Muwaɗɗa Malik da muke karantawa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Ishiriniya da ake rerawa a dararen Maulidi ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Alƙurɗubi mai tafsiri ya bar garinsu ya rasu a Masar a 1273. Ibn Malik mai Alfiyya mutumin Jayyana ne, gari a yankin saman wannan kogi. Tuhfa kuwa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna dogara da ita wajen hukunci, Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne ya tsara ta, ya rasu a 1426. Ashe almajirin da ke zaune kan buzu a Kano ko Zariya ko Damagaram ya gaji Andalus fiye da mai riƙe da makullin masallacinta.

Wannan shi ne abin da muke so attajiri da ma'aikaci su dawo da shi, bayan hotuna da tsarabar iyali. Gina masallaci aikin lada ne babba, ba mai musun haka. Amma dutse ba ya tsare kansa. Jama'a ce take tsare shi, muddin kanta a haɗe yake. Wanda Allah ya hore wa dukiya ya tuna da malamin da ke karantarwa da ɗalibin da ba shi da kuɗin littafi. Wanda aka damƙa wa kujera ya tuna da sarakunan da suka sayar da gobe don su ƙuntata wa maƙwabci yau.

Allah Ya yi mana umarni da tafiya a bayan ƙasa don mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Allah Ya jiƙan malaman Andalus, Ya haɗa kanmu, Ya sa mu wa'aztu, amin.