Kwana Uku A Kontagora Da Katin Hoto Na Jabu

Duk wanda ya tashi daga Minna ya nufi Kontagora a mota, sai ya ratsa Zungeru, ya kai Tegina, sa'an nan ya karya yamma. Ni na bi wannan hanya ne cikin watan Janairu na 2024, hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsu har ba a ganin ƙarshensu. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya kai ni ba. An ba ni labarin wani dattijo mai hoto a garin, wanda ya fara sana'ar tun kafin a ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka ce yana da akwati cike da tsofaffin hotuna. Niyyata in roƙe shi ya bar ni in ɗauki hoton hotunan nan da kyamarata kafin su ƙarasa lalacewa.

Kontagora ba tsohon gari ba ne in an gwada ta da Kano ko Katsina. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, shi ya kafa ta a 1864, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan a 1859. Mutanen garin su kan ce sunan ya samo asali ne daga umurnin da ya ba jama'arsa, watau su kwanta gora, tafiya ta ƙare. Ɗansa Ibrahim ne Turawa suka tarar bisa gado sa'ad da suka ci garin a 1901. Ya fita, suka kama shi, daga baya suka mayar da shi sarauta a 1903, ya zauna har 1929. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya gane cewa rabin tarihin garin nan an yi shi a zamanin da kyamara ta riga ta shigo ƙasar. Abin da ya kamata a ce ana da shi na hotuna ba kaɗan ba ne. Ina su ke?

Ranar farko na yi ta yawo. Na je rijiyar Nagwamatse, wadda a ke danganta ta da shi mai garin, na ɗauki ƙofar fada daga nesa, na shiga kasuwa inda Kambari da Dukawa su ke kawo dawa da gero da man kaɗe daga ƙauyuka. Kafin la'asar na ɗauki hoto ya kai 300. Katin da ke cikin kyamarar kuwa sabo ne, na saye shi da araha a wata tasha a hanya, an rubuta a jikinsa wai yana cin gigabait 64. Da dare na koma masauki a gajiye, wuta ta ɗauke, na ce gobe ma rana ce. Abin mamaki, madatsar Kainji da ke ba ƙasa wuta tun 1968 tana nan kudu maso yamma da garin, ba wata tafiya mai nisa ba ce, amma da fitilar waya na yi shirin barci.

Kashegari da hantsi aka kai ni wurin dattijon. Bayan mun gaisa ya sa jikansa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya ce, "Malam, fina-finan duk sun tafi. Wata damina rufi ya yi yoyo, suka manne da juna, abin da ya saura gara ta gama da shi. Waɗannan da na wanke su ne kaɗai suka rage." Na ce, "Baba, ko su ma ai dukiya ne." Akwai hotunan hawan Sallah na farkon zamanin Sarkin Sudan Sa'idu Namaska, wanda ya hau a 1974 ya rasu a 2021, da na 'yan makaranta cikin gajeren wando, da na amare, da na manyan motocin katako a tasha. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, ina ɗauka ɗaya ɗaya, shi kuwa yana gaya mini ko wane ne wannan, ɗan wa, ya rasu yaushe. Wani abokinsa da ya zo daga Rijau yana gefe yana gyara masa in ya yi kuskure, har su ka kusa faɗa a kan shekarar wani biki. Na ɗauke su tare, suna dariya, akwatin a tsakaninsu.

Da dare aka tayar da janareto a masauki, na zare katin na sa a kwamfuta. Hotunan ranar farko suka fito lafiya. Na ranar biyu kuwa sunayensu na nan a jere, amma ko wanne na taɓa sai ya ƙi buɗewa. Ban yi barcin kirki ba.

Da safe na tafi layin masu gyaran waya. Wani saurayi ya karɓi katin, ya sa shi a tasa kwamfutar, ya gwada, ya girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, wannan katin na jabu ne. Cikinsa bai wuce gigabait 8 ba." Bayanin da ya yi mini ya cancanci kowa ya ji. Masu yin jabun su kan canza ɗan abin da ke cikin katin ya riƙa shaida wa kyamara ƙaryar girmansa. Kyamara ta yi ta zuba hotuna, katin yana rubuta sunayensu, alhali wurin ya cika tuni. Hoto guda irin wanda na ke ɗauka, wanda ba a matse ba, ya kan kai megabait 25, saboda haka gigabait 8 ba zai wuce hoto 320 ba, watau daidai yawon ranar farko. Hoton da aka goge bisa kuskure a kan iya ceto shi da manhaja irin su PhotoRec ko Recuva, muddin ba a ɗora sabo a kansa ba. Amma wanda ba a taɓa rubuta shi ba, babu gwanin da zai fito da shi.

Laifin ba na mai sayarwa kaɗai ba ne. Da na juye katin daren farko, na cika shi da kaya na gwada kafin in dogara gare shi, ko da ma na tsaya na duba hoto ɗaya a gidan dattijon maimakon in yarda da ɗan hasken da kyamara ke nunawa bayan an danna, da na gane tun da wuri. Masu sana'ar a Amurka suna da ƙa'ida da wani mai hoto, Peter Krogh, ya yayata cikin littafin da ya fitar a 2005: kwafi uku, a kan iri biyu na ma'aji, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A ganina na ukun nan ya fi muhimmanci ga matafiyi a hanyoyinmu, inda jaka guda ta kan salwanta da dukan abin da ke cikinta. Wanda ya sa kati da faifan ajiya a jaka ɗaya, kwafi ɗaya ke gare shi. Kada kuma a dogara ga intanet kaɗai: tun 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka, gigabait 15 ne rabon mutum, kuma aika manyan hotuna ɗari uku ta layin waya a wurin da sabis ke zuwa yana tafiya aikin kwana ne. WhatsApp shi ma ya kan matse hoto ya rage ingancinsa, sai fa in an aika shi a matsayin takarda.

Na sayi katuna biyu a wurin saurayin, ya gwada su a gabana har ƙarshen cikinsu, da kuma ɗan makaranci da a ke liƙa wa waya. Sa'an nan na koma gidan dattijon da kunya. Da ya ji abin da ya faru ya yi shiru, can ya ce, "Mu a zamaninmu fim mai 36 mu ke sawa, ba ka danna sai ka tabbata." Ya sa aka sake jawo akwatin. Wannan karon kowane hoto ashirin sai in tsaya in duba, sunayen kuma na rubuta su a littafi, domin jiya ka na dogara ga shi. Abokin nasa ya riga ya koma Rijau tun da asuba, saboda haka hoton su biyun nan babu shi, gardamar shekarar bikin kuma ba wanda ya raba ta.

Kafin magariba na juye komai a kwamfuta, na juye a waya, na tura ɗan maɓallin da ke gefen katin na kulle shi. Kati na biyun na cika shi na miƙa wa jikan, na ce ya ajiye a wani ɗaki ban da wanda akwatin ya ke. Da safe a tasha kwamfuta ta shiga bayan mota tare da buhunan dawa, katin kuwa na naɗe shi a takarda na sa a aljihun 'yar cikina. Ƙananan kwafin da na sa wayar ta aika tun dare ba su gama tafiya ba sai da muka wuce Zungeru.