Kogin Da Ya Ƙi Tsaya Mini

Sa'ad da aiki ya kai ni Lokoja a farkon 2021, na ɗaura aniyar zana mahaɗar Kogin Kwara da na Binuwai da fenti, abin da nake ɗan taɓawa tun ina makaranta. Kowace Asabar sai in ɗauki ƙyallen zane da buroshi in nufi bakin ruwa, kusa da bukkokin waɗansu masunta.

Cikin hunturu na fara. Hazo ya rufe ƙetare, ruwa da sama duk sun koma ruwan toka. Ban gama ba bazara ta shigo, ruwa ya janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri yana ƙyalli. Na shafe, na sake. Da damina ta kankama, kogi ya cika ya yi ja da laka, gaɓa ta yi kore shar. Na kuma shafewa. Wata takwas ina fama da ƙyalle guda, ban sami kome ba sai caɓi.

Ana nan sai na karanta labarin Claude Monet, mai zanen nan na Faransa. A 1896 da 1897 yakan tashi tun kafin asuba ya shiga jirgin ruwansa a Kogin Sen, kusa da Giverny, da ƙyallaye fiye da goma. In haske ya sauya, sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Ashe kuskurena shi ne neman kogi ɗaya, alhali kowace sa'a da irin nata kogin. Daga nan na koma yin ƙananan zane, kowanne in rubuta kwanan wata da lokaci a bayansa, kuma ba na sake taɓa shi.

To, a damina ta 2022 ambaliya ta mamaye unguwannin Lokoja na bakin kogi. Wurin zamana ya tafi, bukkokin nan ma haka. Bayan ruwa ya sauka, na haɗu da wani dattijo daga cikin masuntan, na nuna masa zanen wata safiyar hunturu. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya aza yatsa a kan wata bukka ya ce, "Ɗana, wannan tawa ce."

Na ce, "Baba, riƙe shi."

Da na bi tsohuwar al'adata, da tuni na shafe ta da hannuna.