Kwana Huɗu A Alƙahira Ni Kaɗai

Yau ina so in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi zuwa birnin Alƙahira cikin shekarar 2024.

Asali mu biyu muka shirya, ni da wata aminiyata. Saura kwana uku mu tashi sai aka yi mata rasuwa, ga shi kuwa an riga an biya kuɗin jirgi da na masauki. Na ce na fasa. Maigida ya ce in daure in je, kwana huɗu kamar yau ne. Dangi suka yi ta surutu, wai ina aka taɓa ganin mace ta kama hanya haka ita kaɗai. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma tsoro ya cika mini ciki, har na kasa barci daren tafiya.

Washegarin saukata, wajen karin kumallo, na ga wata dattijuwa mutuniyar Malesiya tana zaune ita kaɗai kamar ni. Na yi mata sallama, ta amsa, ta jawo mini kujera. Ashe malamar makaranta ce da ta ajiye aiki. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin harshensu, sai muka haɗa ɗan Turanci da ɗan Larabcin Islamiyya, sauran muka cike da hannu. Tare muka tafi masallacin Azhar, wanda aka soma gininsa a shekarar 970, muka yi azahar a can. Muka ratsa kasuwar Khan al-Khalili, inda ta koya mini ciniki irin nasu, watau kowane kuɗi aka faɗa a taya rabi. Kashegari muka je Giza kallon dala. Wadda ta taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano ta san siffar, amma wannan ta dutse ce, ta kai shekara 4,500, tsawon babbar kuwa sa'ad da aka gina ta ƙafa 481 ne.

Rana ta uku abokiyata ta koma ƙasarsu. Na ɗauka na riga na san gari, sai na shiga jirgin ƙasan nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987. Akwai tarago na mata zalla a tsakiyarsa, nan na shiga. To, amma na hau mai zuwa wani gefe dabam ban sani ba. Kafin in farga magariba ta gabato, cajin wayata ya ƙare, sunan titin masaukina kuwa a cikinta yake. Na tsaya a tasha, hawaye ya taru a idona, na ce da ƙarfi, "Wayyo Allah, na shiga uku!"

Sai na ji murya a bayana, "Baiwar Allah, lafiya?" Da Hausa fa! Na waiwaya, na ga wata mata sanye da lulluɓi irin na Sudan, riƙe da 'yar yarinya. Ta ce kakanninta mutanen ƙasar Sakkwato ne, suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno, bakin Kogin Nilu. Ita a Hartum ta yi aure, yaƙin da ya ɓarke a 2023 shi ya koro su. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta tsaf, irin ta tsofaffinmu.

Na kwatanta mata abin da na tuna, wani babban dandali kusa da gidan tarihi. Ta ce Tahrir ke nan. Ta bar hanyarta ta raka ni har ƙofar masauki. Na roƙe ta muka ci abinci tare, wani wai shi koshari, shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa. Tana ci tana tambayata ko har yanzu ana dama fura da nono. Da na miƙa mata ɗan abin hasafi sai ta ƙi karɓa, ta ce, "Yaya, ai ba a sayar da zumunci." Kunya ta kama ni. Ni na fito kallon gari da takardar komawa gida a jaka, ita kuwa ba ta san ranar da za ta ga ɗakinta ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, wadda tafiya ta kama ta ita kaɗai, ta fita da yardar mutanen gidanta, ta rubuta sunan masaukinta a takarda ta ƙulle a bakin zane, kada ta dogara ga waya. Ta koma masauki kafin duhu. In za ta yi tambaya ta nemi mace 'yar'uwarta, kada kuma ta yi rowar sallama. Ku kuma 'yan makaranta ku riƙe Larabci da Turanci da kyau, za su yi muku rana.

Ina roƙonku ku sa matan Sudan cikin addu'a. Allah Ya mayar da kowane baƙo gida lafiya, amin.