Laba ko Kilo? Labarin Jirgin Gimli

Duk ƙarshen azumi sai an tambaye ni, “Malam, sa'i ɗaya na zakkar fidda-kai kilo nawa ne?” Ni kuma in ce, na wane hatsi? Domin mudu cika yake aunawa, kilo kuwa nauyi, kuma mudun gero da na shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba.

To, irin wannan lissafi ne ya kusa halaka mutum 69 a ƙasar Kanada ran 23 ga Yuli, 1983. A lokacin ƙasar tana barin awon laba tana komawa kilo, kuma sabon jirgin Air Canada, ƙirar Boeing 767, da kilo yake lissafin mansa. Ran nan agogon mai ya lalace, sai aka auna man da sanda, aka san lita nawa ne. Saura a mai da lita zuwa nauyi. Lita guda ta man jirgi wajen kilo 0.8 ce, a laba kuwa 1.77. Ma'aikata suka ɗauki adadin laba da suka saba da shi, suka kira shi kilo. Ana bukatar kilo 22,300, jirgi ya tashi da laba 22,300, ko rabi bai kai ba. Ku lura, yara, ninkawarsu daidai take. Sunan ma'aunin ne ya ɓata.

Yana tafe zuwa Edmonton, injuna biyun suka mutu. Allah da ikonsa, matuƙin, Kyaftin Robert Pearson, ya ƙware da tuƙa jirgi mara inji, irin wanda ke shawagi da iska kamar shirwa. Mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya taɓa aikin soja a wani tsohon filin jirgi a Gimli. Can suka nufa, ba su san an mai da wani sashensa filin tseren motoci ba. Jirgi ya sauka da hanci a ƙasa, ba wanda ya rasu.

Ni a ganina, ba laba ce mai laifi ba, ba kuma kilo ba, gauraya su ne. Har yau ma ba a gama daidaitawa ba: yawancin ƙasashe da ƙafa suke faɗin tsayin jirgi, Sin kuwa da mita, haka ma masu jirgi mara inji a Jamus.