Ranar Da Sabulu Ya Sami Suna

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa masa, har hajarsa ta soma fita daga unguwarsu tana shiga wasu garuruwa, akwai ranar da wani zai zo ya ce masa, "Alhaji, lokaci ya yi da za ka nemi gwani ya tsara maka tambari, a yi maka kwali mai kyau, a buga sunan kayanka a jiki." Daga nan sai shawara ta rabu biyu. Wasu su ce wannan almubazzaranci ne irin na 'yan zamani, kaya in na kirki ne shi ke sayar da kansa. Wasu su ce in bai yi ba za a wuce a bar shi. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, sau da yawa daga cikin jari za a yanko su, saboda haka kuskure a nan yana iya karya mutum, ko dai ya riga malam masallaci, ko kuma ya yi fargar jaji. Labarin wani Bature mai sayar da sabulu, William Lever, ya isa a tsaya a dube shi da kyau, domin shi ya iso wannan mararraba a 1884, kuma abin da ya yi a wurin har ƙasar nan ya taɓa.

An haifi Lever a 1851 a garin Bolton na arewacin Ingila, ƙasar masaƙu da ma'aikata. Ubansa mai kantin kayan masarufi ne, daga baya ya koma sari. Yaron yana da shekara 16 ya shiga kantin, aikin farko da aka ba shi kuwa shi ne yanka sabulu da naɗe shi. A zamanin nan galibin sabulu dogayen sanduna yake zuwa daga masana'anta, mai kanti ya yankar wa mace gwargwadon kuɗinta, ya auna, ya naɗe mata a takarda. In ya yi kumfa ba ta san wanda za ta yaba wa ba, in ya ci mata hannu kuwa mai kanti za ta zaga. Watau fuskar mai kanti ita ce tambarin sabulun, kamar dai yadda mai kilishi a bakin tasha ba ya bukatar wata alama, tun da ga shi nan zaune, an san shi, an san ubansa.

Shekara 17 Lever ya yi a wannan harka kafin ya yi abin da aka san shi da shi. Ya yi zaman kanti, ya yi lissafi, ya yi yawon kai samfur ga masu kantuna, ya riƙe reshen sari a garin Wigan. A cikin shekarun nan ya ga abin da ke sakewa a ƙasarsu. Gwamnati ta soke harajin sabulu tun 1853, albashin ma'aikata yana ɗan motsawa, hayaƙin masana'antu kuma yana baƙanta tufafi, saboda haka matar leburan da a da sabulu abin marmari ne gare ta, yanzu tana saye kowane mako. Masu sayen nan sun kai miliyoyi, ba kuwa yadda za a yi fuskar mutum ɗaya ta bi kowace sanda zuwa kowane gida. Wannan ita ce alama ta farko, kuma ta fi kowace ƙarfi: ranar da kaya suka soma isa inda mai su ba zai taɓa zuwa ba, suna hannun 'yan sari da dillalai waɗanda ba ruwansu da mutuncinsa, to, ranar ce ake bukatar wani abu da zai tsaya a madadin fuskarsa.

Abin lura shi ne wurin wanda ya fara zuwa. Bai nufi mai zane ba tukuna. Liverpool ya tafi, wurin W. P. Thompson, wanda sana'arsa ita ce yi wa mutane rajistar alamun kasuwanci. Ingila ta yi dokar rajistar alama a 1875, aka buɗe ofishin a ranar 1 ga Janairu 1876, sa'an nan dokar 1883 ta ƙara buɗe ƙofa ga rajistar kalmomin da aka zaɓa musamman don su zama sunan kaya. Thompson ya rubuta masa 'yan sunaye a takarda. Da farko ba wanda ya burge shi, sai bayan 'yan kwanaki ya sake dubawa, idonsa ya tsaya a kan Sunlight, watau hasken rana. Lalle kowa yana iya ƙago suna mai daɗin ji, ko yaron gida ma. Abin da Lever ya biya kuɗi a kai shi ne sanin wane suna ne doka za ta karɓa, wane ne ba wanda ya riga shi, wane ne kuma za a iya karewa a gaban alƙali in an sace. Sai da ya ɗaure wannan akuya sa'an nan ya fara kashe kuɗin talla. Mutane da yawa kan yi akasin haka, su zuba dukiya a kan allon bakin hanya da sanarwar rediyo, suna ya yi tashe, sa'an nan su tarar wani ya riga su ofishin rajista, su zama sun yi wa wani noma.

To, amma suna kaɗai bai gama magana ba. A shekarar farko wasu masana'antu ne ke dafa masa sabulun, shi kuwa ya buga Sunlight a jiki. Mutumin da ya sa sunansa a kan abin da wani ke dafawa ya ba da ajiyar mutuncinsa ke nan a hannun da ba nasa ba. Domin haka a 1885 shi da ƙanensa James suka karɓi wata 'yar masana'anta a Warrington, suka sami masanin haɗa sinadari mai suna William Hough Watson, suka tsayar da haɗi ɗaya wanda ya dogara ga man itatuwa, irin su man alayyadi da man angurya, maimakon kitse zalla. Sabulun ya yi kumfa fiye da na kasuwa, amma yana da aibi: in ya sha iska sai ya yi gumin mai, ya soma wari. Maganin da aka yi shi ne a yanka shi daidai wa daida tun a masana'anta, a naɗe kowane a takardar da mai ba ya ratsa ta, a sa a cikin kwali mai launi. Ashe kwalin nan da ya zama abin kwaikwayo ba don ado kawai aka yi shi ba, aiki yake yi. Yana tsare kayan, yana hana mai kanti yanka da tauye awo, yana ɗauke da bayanin yadda za a yi wanki da shi, har da alkawarin fam 1,000 ga duk wanda ya tabbatar akwai algus a ciki. Mai karatu ya dubi wannan alkawari da kyau. Wanda bai tabbata tukunyarsa ta yau za ta yi daidai da ta jiya ba, ba zai iya buga irin wannan magana a kwali ba, in kuwa ya buga, ya saya wa kansa rigima. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga tan 20 a mako da suka fara, zuwa 1888 sun kai tan 450, wurin ya yi musu kaɗan. A shekarar ce aka fara gina sabuwar masana'anta da gidajen ma'aikata kusa da kogin Mersey, aka sa wa garin duka sunan sabulun, Port Sunlight. Sai a nan ne Lever ya saki hannu sosai a kan zane da hoto. A 1889 ya sayi wani hoton yarinya da fitaccen mai zane W. P. Frith ya yi, ya mai da shi tallan sabulu, mai zanen ya yi ta ƙorafi a jarida cewa an wulaƙanta aikinsa. Ƙorafin bai rage cinikin ko sanda ɗaya ba.

Kada a ɗauka kowace harka ce ke bukatar wannan hanya. Ga Alhassan Ɗantata a Kano, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Gyaɗa yake saye yana tarawa cikin buhuna yana sayar wa kamfanonin Turawa, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowannensu ya san shi ido da ido. Me kwali mai launi zai ƙara masa? Jarinsa amana ce, da yawan yaransa a ƙauyuka, da cika alkawari a kan lokaci. Haka nan ɗan kwangila, da mai safarar shanu zuwa Ikko, da mai sarin goro. Muddin masu sayenka kaɗan ne kuma kuna gaisawa, kuɗin da za a ba mai zane gara a ƙara a jari ko a sayi mota. Amma mai yaji, da mai man shafawa, da mai zuma, da mai garin kunu, waɗanda kayansu za su zauna a kan kanta a tsakanin kishiyoyi goma, a garin da ba wanda ya taɓa jin sunan unguwarsu, su kam halin Lever suke ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Su kuma jabu ke jira. Ba a yin jabun abin da ba ya tafiya, don haka ranar da mutum ya ga an fara kwaikwayon ledarsa, labari biyu aka kawo masa a lokaci ɗaya, na farin ciki da na gargaɗi.

A nan akwai wani ruɗani da ya yi yawa a kasuwanni. Mutum ya je Hukumar Rajistar Kamfanoni ya yi rajistar sunan kasuwancinsa, ya rataye takardar a bango, yana zaton ya gama. Wannan takarda sunan harkarsa ta tsare, ba tambarin da ke jikin kayansa ba. Rajistar alamar kasuwanci aiki ne dabam, a ofishi dabam da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965. Rajistar farko takan yi shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. In kayan abinci ne a ƙunshe, ko magani, ko sabulu da man shafawa, akwai kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana da ta cewa a kan abin da za a rubuta a jikin kwali. Wanda ya buga kwali dubu hamsin kafin ya bi ta waɗannan ƙofofi yana iya wayar gari ya ga kwalayen sun zama na hura wuta. Gwanin da ya cancanci kuɗinsa shi ne wanda zai fara da tambayar waɗannan abubuwa, da nawa ne kuɗin bugun kowane kwali, da ko tambarin zai fito a kan buhu da baƙin tawada kaɗai, da ko wadda ba ta iya karatu ba za ta gane shi daga nesa. Wanda ya fara da nuna launuka a kwamfuta, a yi hattara da shi.

Suna kuma bashi ne, Lever ya ɗanɗana wannan a 1906. Farashin mai ya hau, sai ya rage nauyin sandar Sunlight daga oza 16 zuwa 15, a daidai lokacin da yake ƙoƙarin haɗa manyan kamfanonin sabulu wuri ɗaya. Jaridun Lord Northcliffe, musamman Daily Mail, suka taso masa haiƙan, suna cewa yana cutar talakawa. Da sabulun mara suna ne da ba wanda za a kama, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ciniki ya faɗi, haɗakar ta wargaje, dole ya mai da oza ɗayar nan. Ya kai ƙara, a 1907 jaridar ta yarda ta biya shi fam 50,000 na ɓata suna, kuɗin da ba a saba jin irinsa ba a lokacin. Duk da haka sai da ya ɗauki lokaci kafin matan da suka juya baya su komo. Oza ɗaya ce ta jawo wannan duka.

Sauran labarin ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya. Sabulun da ya yi suna yana cin mai kamar wuta, neman man nan ne ya kawo Lever Afirka. A 1911 ya karɓi manyan filayen kwakwar manja a Kwango daga hannun gwamnatin Beljiyam, inda aka yi ta tilasta wa mutanen ƙasa aiki, abin da ba ya cikin hotunan yara masu fararen riguna da ke kan allunan talla. A 1920 ya sayi kamfanin Neja a kan fam miliyan 8 da 'yan kai, cikin gaggawa, sa'an nan aka tarar da bashi mai nauyi a ciki, har kamfaninsa ya kusa durƙushewa. Ya rasu a 1925. A 1929 aka haɗa kamfanin Nejan da wani aka sami UAC, wanda ya daɗe yana sayen gyaɗar Kano, shi kuma kamfanin Lever ya haɗu da na masu man shafa wa burodi na ƙasar Holan, aka sami Unilever. Reshensu na Nijeriya tun 1923 aka kafa shi, ya yi shekaru yana dafa sabulu a Apapa. A 2023 reshen ya ba da sanarwar zai bar harkar sabulun wanki da na wanka a ƙasar nan. Amma yarinyar da aka aika kanti sayen garin sabulu, ko na wane kamfani za a miƙo mata, omo za ta ce a ba ta.