Zuwa ga Auta, kan bindigar Baba Tsoho

Auta,

 Ya sanyin can? Mu nan Yamai zafi ya kankama. Inna lafiya lau, sai ƙafar nan da ka sani.

Saƙonka ya iso, har da hotunan bindigogin abokanka masu tara tsofaffin kayan soja. Sun yi kyau, ban musa ba, kowace sai sheƙi take. Amma da na zo inda ka ce a kwance fatar da ke jikin ta kakanmu Baba Tsoho, a cire ƙusoshin, a kankare ƙotar, ka aiko da sassa na asali a mayar da ita yadda Nasara ya ƙera ta, raina ya sosu. Haba Auta. Kai fa ka fi kowa kwana a ɗakinsa.

Na yarda da abin da suka karanta maka a jikin ƙarfen. Gras ce, samfurin 1874, mai cin harsashi ɗaya, ƙirar Saint-Étienne. Da Lebel ta fito a 1886 sojan Faransa ya fara jingine irinta, suka yi ta kwararowa ƙasashenmu, daga hannun wannan falke zuwa na wancan. An ƙera su jibgi. Duk mai son ganin Gras yadda ta baro masana'anta, gidajen tarihin can sun ishe shi. Wadda ƙotarta ta tsage aka ɗaure da ɗanyar fatar raƙumi kuwa guda ce tak, tana ƙarƙashin gadon Inna.



Ƙusoshin tagullar nan fa? Ka manta duk ranar sunan jika yake kafa ɗaya? Tawa ce ta fari. Taka ce ta can ƙarshe, wadda ta tanƙware don hannunsa ya riga ya fara rawa, har yau Kawu bai daina kiranka Tanƙwararre ba. Ita za ka sa a zare da awartaki?

Ka ce a wurin abokanka bindigar da aka taɓa ta lalace, kuɗinta ya faɗi, su lambar ƙarfe suke dubawa ko ta dace da ta ƙota. Wannan ma'auninsu ne, kuma yana da dalili, tarihin sojansu suke adanawa. Namu tarihin ya fara ne daga ranar da ta bar hannun sojan. Maƙerin da ya ƙera mata sabuwar kunama da guduma da zarto, badukun da ya ɗinka layar da ke wuyanta, ba su bar rubutu ko hoto ba. Aikin nan nasu shi kaɗai ya rage, kai kuma shi kake kira datti.

Kawu har gobe rantsuwa yake bindigar ta ga yaƙin Kawsan, lokacin da ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. In akwai shaidar hakan, a jikin itacen da fatar take. Ka kankare, ka shafe mana ita.

Batun a gyara ta har ta tashi kuwa, kada ma ka sake kawo shi. Kana ƙarami lokacin da aka tara makamai aka cinna musu wuta a Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000, amma ni na ga yadda Baba ya kasa tashi daga gaban talabijin. Kuma kana jin tashin hankalin da ake yi a yankin Tillaberi. Bindiga mai tashi ba ta da wurin zama a gidan da jikoki ke wasa. Ni ma so nake mu je hukumar tattara makamai, wadda aka kafa tun 1994, mu sanar da ita, kada wata rana magana ta taso. Inna ta amince, da sharaɗin ba za ta kwana a waje ba.

Abin da na yarda da shi kaɗan ne. A tsayar da tsatsa, a shafa mai sama-sama, a raba ta da ƙasa saboda gara. Zan leƙa gidan tarihi na Bubu Hama in tambayi masu kula da tsofaffin kaya abin da ake shafa wa fata kada ta ƙara bushewa, don gefe ɗaya ya fara daddarewa.

Kuɗin sassan, in har ka ware su, turo a gyara rufin ɗakin Inna kafin damina. Bara ruwa ya sauka daidai inda bindigar take.

Ka kira Inna ranar Juma'a, ta ce muryarka ta yi mata wuya. Ka shafa mini kan takwarata.

Yayarka